Allurar suga ta mako-mako: abin da hanyar Galmi zuwa Ankara ta koya mini

Wata rana cikin bazara, a Yamai, na karɓo takardar gwajin jini, na duba gaban layin suga na ga an rubuta 1,80. Gabana ya yanke ya faɗi. A Gana, inda nake zaune shekara ashirin da 'yan kai, 'yar na'urar da nake gwaji da ita a gida takan nuna mini 7 ko 8 da safe, kuma nas ta sha ja mini kunne cewa duk ranar da lamba ta yi ƙasa da 4 in nemi abu mai zaƙi in sha tun ban faɗi ba. To ga 1,80 a hannuna. Ban tambayi kowa ba, na tsallaka titi na sayi lemon kwalba biyu na shanye a tsaye ina salati. Sai da na koma masauki, ɗan mai masaukina da ke karatun aikin jinya ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Baba, ai wannan awon giram ne. Suganka sama yake, ba ƙasa ba. Me ka sha?" Da na faɗa masa sai ya riƙe baki.

Ni ɗan kasuwar albasa ne. Ina ɗauko kaya daga yankin Galmi in kai Ankara, tun muna Agbogbloshie har aka tashe mu zuwa Adjen Kotoku a 2021. Na haura hamsin, ciwon suga kuma mun yi shekara tara muna tare. Shekara biyun ƙarshe likita ya ɗora ni a kan allurar nan ta sau ɗaya a mako, mai zuwa cikin abu kamar biro. Ni ba likita ba ne, ban yi boko mai zurfi ba. Amma tun da aka ga tumbina ya sauka, ba a yin kwana uku a rumfa wani bai ja ni gefe ya tambaye ni ba, wani don kansa, wani don matarsa, wani don mahaifiyarsa da ke gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da likitoci suka koya mini, da abin da na karanta a takardar cikin kwali, da wanda hanya ta koya mini da bulala.

Bari in gama da maganar lamba tukuna, don mu masu tsallaka iyaka ita ce ta fi cin mu. Awon suga iri uku ne a ƙasashen da muke yawo. A Gana an fi amfani da mmol/L. A Najeriya za ka ga wannan, za ka kuma ga mg/dL. A Nijar, Kamaru, Togo, Kodebuwa da sauran ƙasashen Faransanci, ɗakunan gwaji sun fi rubuta g/L. Jini ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Lissafin ba shi da wuya: 1,80 g/L shi ne 180 mg/dL, in ka raba 180 da 18 ka samu 10 mmol/L. Iyakar haɗari ta ƙasa ita ce 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL, wato 0,70 g/L. Ka rubuta waɗannan ukun a bayan katin asibitinka. Duk takardar da aka miƙo maka, ka dubi haruffan da ke bayan lambar kafin ka dubi lambar kanta.

Wace irin allura ce?

Sunayen da za ka ji a bakin mutane su ne Ozempic, Wegovy, Mounjaro, sai Victoza da Saxenda. Ozempic da Wegovy magani ɗaya ne a ciki, sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin su. An amince da Ozempic a Amurka a 2017 don masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ke kama manya, sannan a 2021 aka amince da Wegovy don rage ƙiba, da awo mafi yawa. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly ne na Amurka, maganin cikinsa tirzepatide, ya fito a 2022. Waɗannan duk sau ɗaya ake yi a mako. Victoza da Saxenda kuwa kullum ake yin su.

Yadda likitana ya kwatanta mini, hanjin ɗan Adam na fitar da wani sinadari bayan an ci abinci, ana ce masa GLP-1. Shi ke aika saƙo ga fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, cewa ta saki insulin tunda suga ya shigo jini. Shi ke sa abinci ya daɗe a ciki bai wuce da sauri ba, shi kuma ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Na jiki cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. Allurar kwaikwayonsa ce da aka yi ta yadda za ta kai mako tana aiki. Wani abin mamaki, na farko a dangin magungunan nan, wanda ya fito a 2005, daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka aka gano shi. Ikon Allah ke nan.

Abin da nake so a riƙe a nan: wannan allura ba insulin ba ce. Wanda likita ya ɗora a kan insulin, musamman yaro ko matashi mai nau'i na ɗaya, kada ya kuskura ya ajiye insulin ɗinsa don ya ji labarin ta mako-mako. Wannan hanyar kabari ce. Kuma ba a haɗa biyu daga dangin nan a lokaci guda. Na ga mai yin Ozempic don suga yana neman Wegovy don teɓa, bai san ninki yake shirin yi wa kansa ba.

Masu neman ta don ƙiba kawai, akwai ma'aunin da likitoci ke bi. A raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau biyu. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.70, lissafinsa ya kama kusan 33. An yi maganin ne don wanda ya kai 30, ko wanda ya kai 27 kuma yana da wata cuta da ƙiba ke jawowa, kamar hawan jini ko suga. Ba a yi shi don amaryar da ke son leshinta ya zauna daidai ranar biki ba.

Sauri ya haifi nawa

Ozempic da 0.25 miligiram ake farawa, mako huɗu. Wannan awon ba don ya sauke suga ba ne, don ciki ya saba ne. Daga nan a koma 0.5, in da buƙata bayan aƙalla wasu makonni huɗu likita ya kai ka 1, wasu har 2. Mounjaro daga 2.5 ake farawa, mako huɗu, sannan 5, ana hawa a hankali, ƙarshensa 15. Wani abokin sana'ata ya ce shi ba yaro ba ne da za a fara masa da awon jarirai, ya murɗa biron zuwa ƙarshe ranar farko. Kwana uku yana amai, sai da aka saka masa ruwa a asibiti. Motarsa ta iso kasuwa ba ya nan, yara suka sayar masa da kaya yadda suka ga dama.

Yin allurar kansa ba wuya. Bakin allurar siriri ne, gajere, ko cizon sauro ya fi shi zafi. Ka wanke hannu. Ka ɗaga biron ka dubi ruwan: ya zama garau kamar ruwan sha, ba gurɓata, ba ɗigo-ɗigo a ciki. Ka ɗaura sabon bakin allura kowane karo. In sabon biro ne, akwai alamar gwaji da ake murɗawa a danna har ɗigo ya fito a baki, takardar ta nuna hotonta. Wuri uku ake yi: fatar ciki nesa da cibiya kamar yatsa biyu ko uku, gaban cinya, ko bayan damtse. A ƙarƙashin fata ake so, ba cikin tsoka ko jijiya ba. Ka danna har lambar ta koma 0, ka ƙirga shida a hankali kafin ka zare, in ba haka ba wani maganin a waje zai zube. Kada ka riƙa soka wuri ɗaya kowane mako, fatar takan yi ƙullutu. In ka gama ka cire bakin allurar ka jefa a gorar roba mai kauri mai murfi, ba a kwandon shara ba inda jikoki ke tone-tone.

Biro na mutum ɗaya ne. Ko an canza baki, jini kan iya komawa cikinsa, a ɗauki ciwon hanta ko abin da ya fi shi. Na san tsadarsa ke sa miji da mata, ko kishiyoyi biyu, su ce bari mu raba. Kada a yi.

Ni ranar Juma'a na zaɓa, bayan sallar isha'i, don rana ce da ba ta ɓace wa mutum ko yana ina. Ba ruwan allurar da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. In ka manta da Ozempic, ka yi shi da zarar ka tuna matuƙar ba a wuce kwana 5 ba. In an wuce, ka bar shi sai ranarka ta zagayo. Mounjaro kwana 4 ne. Ba a ninka allura don rama wadda ta wuce. In kana son sauya rana, ka bar aƙalla kwana uku tsakanin allura da allura. In kuwa hanya ta riƙe ka, ko kuɗi suka yanke, ka yi makonni ba ka yi ba, kada ka koma kan babban awon da ka tsaya. Ka tuntuɓi likita, galibi ƙasa zai mayar da kai ka sake hawa.

Ciki zai yi magana

Makonnin farko na sha tashin zuciya, da gyatsa mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙwarnafi. Wasu zawo suke yi, wasu kuma bayan gida ya ƙi fita. Yawanci yakan lafa in jiki ya saba, ya ɗan dawo duk lokacin da aka ƙara awo. Abin da na lura, laifin rabi na maganin ne, rabi na hannuna. Na saba da malmalar tuwo uku da dare, ko kwanon wake da shinkafa da taliya da soyayyen kifi da rana. Cikin da abinci ke daɗewa a cikinsa ba zai ɗauki wannan ba. Uwargida ce ta gano dabarar kafin ni: ta sauya mini kwano zuwa ƙarami, ta rage mai a miya, ta daina ba ni soye-soye ranar allura da washegari. Ka ci kaɗan, ka tauna sosai, da ka ji alamar ƙoshi ka janye hannu ko da saura a kwano. Kada ka kwanta da ka gama ci. Mu da muke cin abinci a tire ɗaya da abokai, janye hannu da wuri na da nauyi, sai an ce maka "Alhaji, ko abincin bai yi ba?" Ka faɗi gaskiya, magani kake yi.

Tunda abincin ya ragu, wanda za ka ci ya zama mai amfani. In mutum ya rame da allurar nan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, kuma mai shekara hamsin da ya rasa tsoka da wuya ya mayar. Wake, ƙwai, kifi, nono marar suga, nama ba kitse, ganye irin su zogale da ayoyo, su za ka fara sa wa hannu kafin tuwo. Ka riƙa tafiya a ƙasa, ka ɗan ɗaga abu mai nauyi daidai ƙarfinka. Shayin ataya mai suga cokali biyar kuwa, allura ba ta yafe maka shi ba.

Sai ruwa. Maganin na rage jin yunwa, wasu har ƙishirwa ba sa ji sosai. Ga zafin ƙasashenmu, ga amai ko zawo in sun zo. Jiki ya bushe, ƙoda ce ke biyan bashin. A mota mukan ƙi shan ruwa don kada mu tsayar da direba. Na daina wannan. In amai ko zawo ya wuce yini guda kuma ruwa ba ya zama a cikinka, asibiti za ka nufa, ka kuma gaya musu duk ƙwayoyin da kake sha, don akwai na suga da na hawan jini da akan dakatar a irin wannan hali.

Zafi, firij da hanya

A nan ne mu fatake muka bambanta da wanda aka rubuta takardar kwali dominsa. Biron da ba a fara ba, a firij yake zama, tsakanin digiri 2 da 8. Ba a sa shi a gidan ƙanƙara, ba a jingina shi da bangon baya na firij inda ruwa ke daskarewa. Wanda ya taɓa daskarewa ya mutu, ko ya narke ya koma garau, jefar da shi za a yi. Wanda aka fara amfani da shi zai iya zama a waje in zafi bai wuce digiri 30 ba. Ozempic wasu kwalaye sun ce mako 6, wasu kwana 56, ya danganta da ƙasar da aka yi wa kwalin. Mounjaro ya fi gajeren haƙuri, kwana 21 ko 30 bisa ga irin biron. Ka bi abin da ke rubuce a naka, kuma ka rubuta ranar da ka fara a jikin kwalin.

To digiri 30 fa? A Yamai ko Birnin Ƙonni cikin Afrilu da Mayu, inuwa ma takan haura 40. Cikin gaban babbar mota da aka tsayar a rana a bakin iyaka, sai abin da ya yi gaba. Na taɓa barin sabon biro a aljihun gaban mota, muka yi kwana biyu ana jiran takardun kwastan. Ruwan bai sauya kala ba, na ci gaba da yi. Mako uku ina ganin suga na hawa, yunwa ta dawo kamar da, ina zargin tuwon masauki. Mai kantin magani ne ya tambaye ni inda na ajiye shi. Zafi na kashe ƙarfin maganin ba tare da ido ya gani ba. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma makonnin da na yi ba magani a jikina ban sani ba sun fi damuna.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina da ƙaramin fulas mai faɗin baki, irin na abinci. Nakan sa ƙullin ruwan sanyi ko ƙanƙara a ƙasa, in naɗe biron cikin tawul ƙarami yadda ba zai taɓa ƙanƙarar ba, in rufe. Duk garin da aka tsaya nakan sabunta ƙanƙara. Fulas ɗin a jikina yake, ba a but ba, ba a saman kaya ba. Mai tafiya Dubai ko Cana ko Umara ta jirgi, jakar hannu zai sa, don ɗakin kaya na jirgi sanyinsa kan daskarar da magani. Ka riƙe kwalin na asali da takardar likita mai sunanka. Jami'in iyaka da ya ga allurai a jakarka ba takarda, ka ba shi abin magana, kuma mun san yadda maganar ke ƙarewa. In za ka nemi magani a wata ƙasa, sunan sinadarin za ka faɗa, semaglutide ko tirzepatide, da awonka.

A gida kuma ga ɗauke wuta, wanda a Gana muke ce wa dumso. In wuta ta tafi, kada a yi ta buɗe firij, yakan riƙe sanyi na wasu sa'o'i. Inda babu firij sam, dabarar iyayenmu na nan: tukunyar ƙasa cikin tukunyar ƙasa, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don adana kayan lambu. A sa biron cikin leda ko gwangwani mai murfi don kada ya jiƙe. Tana aiki sosai a busasshiyar ƙasa irin Nijar da Chadi da arewacin Gana, amma a bakin teku, Ankara ko Duwala, inda iska ke da laima, sanyinta kaɗan ne. Kuma randa ba firij ba ce: za ta taimaki biron da kake amfani da shi, ba za ta adana maka na wata shida ba. Shi ya sa ban sayen da yawa in tara.

Arha ba ta ado

Duk abin da ya yi tsada kuma ake rububinsa, 'yan jabu na nan tafe. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. A Ostiriya, a ƙarshen 2023, an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi allura da biron jabu, sugansu ya faɗi warwas, abin da ya nuna insulin aka ɗura a ciki aka manna takardar Ozempic. In ƙasashen da ke da tsauraran hukumomi abin ya shiga, ina ga kasuwanninmu? Wanda ake tallatawa a WhatsApp ko TikTok, wanda wani ya zo da shi a akwati daga tafiya ba sanyi, wanda ake ɗurawa a sirinji a sayar maka da awo-awo, wanda aka ce gari ne ka dama da kanka, duk ka bar su. Ko na gaske ne, ba ka san rana nawa ya sha a hanya ba. Ka saya a kantin magani mai rajista, da takardar likita, ka ga an ciro shi daga firij a gabanka. Ka duba lambar kwali ta dace da ta jikin biro, ka duba ranar lalacewa. In ka yi shakka, akwai NAFDAC a Najeriya, akwai FDA a Gana, kowace ƙasa da hukumarta.

Alamomin da ba a jira da su

Ita kaɗai allurar ba ta cika faɗar da suga ƙasa ba. Amma in kana haɗa ta da insulin, ko ƙwayoyi irin glibenclamide da gliclazide, to zai iya faɗuwa. Ni da aka fara mini, sai da likita ya rage mini gliclazide. Alamar ita ce karkarwa, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya, ganin dishi-dishi, ko mutum ya riƙa magana ba kan gado. Ka gwada in da na'ura. In ƙasa yake, ka sha suga cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai suga, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, sannan ka ci abinci. Ka gaya wa direbanka da yaran rumfarka wannan tun kana lafiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Ciwon ciki mai tsanani a sama da cibiya, wanda ba ya lafawa, yana ratsawa har baya, da amai ko ba amai: ka dakatar da allura ka tafi asibiti a ranar, yana iya zama kumburin fankiriyas. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da zazzaɓi ko idanu su yi rawaya, yana iya zama tsakuwar matsarmama, wadda saurin ramewa ke jawowa. Kumburin fuska ko leɓe da wahalar numfashi bayan allura, wannan ma na gaggawa ne. Wanda suga ya riga ya taɓa masa ido, a duba idon kafin a fara, don saukar suga da sauri kan tsananta abin na wani lokaci. Wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in kansar maƙogwaro, ko ya taɓa kumburin fankiriyas, ya faɗa wa likita tun farko. In za a yi maka tiyata ko wani aiki da za a sa ka barci, ka ce kana wannan allura, domin abinci kan saura a ciki ko ka kwana ba ka ci ba, kuma yana iya tasowa ya shiga huhu.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu: ba a yin ta da juna biyu, mai shayarwa ma sai ta tambayi likita. Mai neman haihuwa ta daina semaglutide wata biyu kafin nan. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa da ta fara Mounjaro, ƙwayar kan yi rauni mako huɗu bayan farawa da mako huɗu bayan kowane ƙarin awo, sai ta nemi shawarar ungozoma. Kuma wadda ƙiba ta hana ta ɗaukar ciki shekaru, in ta rage nauyi cikin na iya zuwa ba zato. Abin dariya abin takaici, a gida ɗaya za ka samu wata na neman allurar ramewa, ƙanwarta na shan sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan su kansu suna tayar da suga.

Azumi kuwa, ka je wa likita mako shida zuwa takwas kafin watan. Ba a fara allurar ko ƙara awonta gab da Ramadan, tashin zuciya da ƙishirwa ba za su haɗu da kyau ba. Ni bayan buɗa-baki nake yin tawa, ka ga babu ma wata tambayar ko ta karya azumi. Jagororin likitocin suga kan azumi sun ce a sha ruwa nan take in suga ya yi ƙasa da 70 mg/dL ko ya haura 300, wato 0,70 da 3 a awon giram, 3.9 da 16.6 a awon Gana. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa, wannan na malamai ne.

Masu insulin, kalma ɗaya ta musamman, tunda ku ma kuna saye a ƙasa fiye da ɗaya. Akwai insulin mai ƙarfin U-100, akwai U-40, kowanne da sirinjinsa. In ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da aka ce ka yi. Ka dubi kwalba, ka dubi sirinji, lambar ta zama ɗaya.

Akwai abin da takardar kwali ba ta faɗa ba. Da na sauke kilo goma sha ɗaya, riguna suka yi mini yawa, sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce sammu, wasu suka faɗi cutar da ba na son maimaitawa. Wani da ya saba ba ni kaya bashi daga gona ya fara cewa sai na ba da rabi a hannu. A wurinmu tumbi shaidar jari ne. Sai da na zaunar da shi na nuna masa biron da katin asibiti. Ina ganin gara mutum ya faɗa wa iyalinsa da abokan hulɗarsa na kusa tun kafin su fara lissafi da kansu.

Sai tambayar da kowa ke ƙarewa da ita: yaushe ake dainawa? A babban gwajin da aka yi wa semaglutide na rage ƙiba, mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin mako 68, amma waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Mai suga kuma sugan ke komawa inda yake. Wato abu ne na dogon zango kamar maganin hawan jini, kuma a yawancin ƙasashenmu daga aljihunka za ka biya. Kafin ka fara, ka yi lissafin shekara, ba na wata ɗaya ba, ka sa har da watannin da albasa ke faɗuwa da waɗanda iyaka ke rufe. In lissafin bai fita ba, ka faɗa wa likita ƙarara ba kunya. Metformin da sauran ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi suna nan suna aiki, insulin ma na nan. Ni kaina bara da kasuwa ta yi sanyi na je na ce masa, "Likita, wata uku masu zuwa ba zan iya ba." Ya ce, "Alhaji, gara da ka zo." Ya mayar mini da gliclazide yadda yake a da, ya ce in riƙa gwaji sau uku a mako in rubuta. Da kaya suka motsa na koma, daga 0.25 muka sake farawa.